Kunya Ta Fi Siminti Tsada

Ruwan farko mai ƙarfi na damunar 2024 da daddare ya sauka, kuma kafin kiran assalatu mun jera bokiti huɗu da bahon wanki a ɗakin Hajiyarmu. Ko wata uku ba a yi da gama gyaran gidan ba. Sabon silin da aka kashe wa kuɗi ya sha ruwa ya yi tumbi, fentin bango yana saluɓewa kamar fatar da ta ƙone. Hajiya na zaune a bakin gado da carbi a hannu. Ba ta yi faɗa ba, ba ta ambaci sunan kowa ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Soron da Malam ya bar mini, shekara arba'in ina kwana a ciki, bai taɓa tashina tsakar dare ba."

Wanda ya yi aikin ba baƙo ba ne. Mijin 'yar ƙanwar Hajiya ne, mutum mai fara'a, ba ya fashin suna ko ta'aziyya, duk unguwa Injiniya ake kiransa. Ranar da muka zauna da shi a tsakar gida, mu biyar da muka haɗa kuɗin, zagaye ɗaya ya yi. Ya ƙwanƙwasa bango, ya ɗaga kai ya dubi azara, ya faɗi kuɗi a dunƙule. Babban yayanmu ya nemi ragi, ya rage, aka shafa fatiha. Ƙanwarmu mai aikin banki ta ce da sanyin murya, "Yaya, da dai an ɗan rubuta." Yaya ya harare ta. "Ke, ɗan gida ne fa. So kike a ce mun mai da shi ɓarawo?" Ni ma ina wurin, na kuma san ita ke da gaskiya, amma na sunkuyar da kai. A duk abin da muka saya domin gyaran nan, babu wanda ya ci mana kuɗi kamar wannan sunkuyon.

Tun daga ranar nake kasa kunne idan ana hirar gini a majalisa, kuma da wuya ka sami magidancin da ba shi da nasa labarin. Wannan an karɓi kuɗinsa an kashe waya. Wancan an yi masa banɗaki ruwa yana gangarowa ɗaki maimakon ya bi makwarara. Wani yana aiki a Legas ko Jidda ana turo masa hotunan tulin bulo ta WhatsApp, da ya zo ya tarar bulon na maƙwabci ne. Ƙarshen hirar kullum ɗaya ne, wai magina da 'yan kwangila ba su da amana. Ni ban yarda maganar ta tsaya nan ba. Maha'inta suna nan, ba na musu. Amma yadda muke ba da aikin gyaran gida, ko waliyyi aka ba sai an rabu da shi baram-baram, domin babu wanda ya san takamaiman abin da aka saya da abin da aka sayar.

A da ba a rubuta komai, gini kuma yana tsayawa, wannan gaskiya ne, kuma ita ce hujjar da dattawa kan kawo. Sai dai su tuna abin da ke riƙe da maganar baka a wancan zamani. Gini sana'ar gado ce. An san gidan magina a kowane gari, an san uban magini da kakansa, akwai Sarkin Magina da za a kai wa ƙara idan katanga ta faɗi. Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830, har yau da sunansa ake kiran aikinsa. Mutumin da ya san jikokinsa za su gaji sunansa ba ya yin algus a tubali. Mai gida kuma ya san ginin ƙasa kamar yadda ya san gonarsa. Ya san birji mai kyau, ya san idan ƙasa ba ta kwana ta tsumu ba, ya san lokacin yaɓe kafin ruwa ya sauka. Yau gari ya buɗe. Birkilan da ya ɓata maka aiki a Ɗorayi gobe yana Hotoro, jibi yana Abuja, babu wanda zai tambaye shi. Mai gida kuwa bai san bambancin rodi mai milimita 12 da mai 10 ba idan an riga an zuba kankare a kai. Mun bar tsarin da, ba mu kama na zamani ba, abin da muka riƙe daga tsohon kawai shi ne kunyar tambaya.

Sai kuma sunan nan na Injiniya da muke rabawa kamar goron ɗaurin aure. Duk wanda ya rataya tef ya sa hular kwano ya zama injiniya. A Najeriya akwai hukumar COREN da ke yi wa injiniyoyi rajista tun 1970, akwai CORBON ta ƙwararrun magina tun 1989, wanda yake da rajista yana da lamba, ana iya tambayarsa ita. Ba ina cewa sai mai digiri zai canza maka tayil ko ya yi maka fenti ba. Tsofaffin birkiloli da yawa da ba su taɓa shiga aji ba sun fi wasu masu takarda ido da hannu. Amma akwai aikin da ya wuce ido da hannu, yana buƙatar lissafi, kuma zan dawo kansa.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne gyara ya fi sabon gini wuyar ƙiyasi. Fili ba ya ɓoye komai. Tsohon gida kuwa sai an fasa ake ganin abin da ke ciki: gara ta cinye katako, bututu ya ruɓe a cikin bango, wayar wuta ta shekara talatin ta bushe tana karyewa, tushen ginin bai kai zurfin da aka zata ba. A tsofaffin unguwanninmu akwai ƙarin matsala, an yi ta ɗaga titi da kwata har gidaje suka koma rami, danshi yana hawa bango daga ƙasa. Mai neman kuɗi da sauri zai ce a liƙa tayil a rufe, ya yi kyau a hoto, danshin kuma ya haura sama da inda tayil ya tsaya. Haka filastar siminti a kan bangon ƙasa: idan ruwa ya sami kafa ya shiga bayanta ba ya samun hanyar fita, bango yana jiƙa a ɓoye har ranar da filastar za ta ɓalle ta zo da rabin katangar. Saboda haka duk ɗan kwangilar da ya yi zagaye ɗaya ya yanka maka kuɗi a dunƙule, ko dai bai san aikin ba, ko ya san zai dawo neman ciko, ko kuma ya riga ya shirya inda zai rage.

Namu ciko ya nema, har sau uku. A rufin kuma ya rage. An sauke soron azara aka yi irin rufin da ake yayi, wanda ake ɓoye kwano a bayan katanga don gida ya yi kama da na 'yan gayu. Irin wannan rufi duk ruwansa a kwata ɗaya yake taruwa a bayan bango, sannan ya bi bututu ya sauka. Idan kwatar ba ta da gangare, ko bututun ya yi ƙanƙanta, ganyen darbejiya biyu da leda ɗaya sun isa su mai da saman ɗaki tafki. Namu bututun siriri ne, ɗaya tal, kwanon kuma da yatsa kana iya lotsa shi. Tsohon soron indararo uku gare shi, masu fitar da ruwa nesa da bango, kuma duk wanda ya ɗaga kai zai ga ko sun toshe.

To amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da fushina ya sauka na zauna na yi lissafi, sai na ga mu ma mun cuci mutumin nan. A ƙarshen 2023 muka yi ciniki, lokacin buhun siminti yana wajen naira dubu biyar da 'yan kai. Kafin watan Fabrairun 2024 ya ƙare ya haura dubu goma a wurare da yawa, har sai da ministan ayyuka David Umahi ya zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge aka yi maganar mayar da shi tsakanin dubu bakwai zuwa takwas. Rodi da kwano da waya duk sun bi dala sun tashi, kuɗin tifar yashi ya bi man fetur da gas. Mu kuma kuɗin a gutsuttsure muke ba shi, sai wanda albashinsa ya shigo ya turo nasa kason. Ya zo ya ce kaya sun tashi, Yaya ya ce ai an riga an yi magana. A tsakiyar aiki matar Yaya ta ga wani kicin a gidan biki ta ce irinsa take so, aka rushe wanda aka fara. Ni da kaina na ce a ƙara taga a ɗakin baƙi, na kuma faɗe shi kamar wanda ya ce a miƙo masa ruwa. Babu wanda ya tambayi nawa waɗannan za su ci. Shi ma kunyar surukai ta hana shi cewa ba zai iya ba. Sai ya yi abin da mai rauni kan yi, ya cire asararsa daga inda ido ba ya kaiwa. Ban wanke shi ba, ha'inci ha'inci ne, kuma da ruwan ya haɗu da wayar wuta da yanzu wani zancen ake. Amma mu muka gina masa lungun da ya ɓuya a ciki.

Mu masu ba da aiki muna da wata ɗabi'a da ba ma son a faɗa. Mukan kira mutum uku, mu ɗauki wanda ya fi araha, alhali mun san araha ba ta ado. Idan biyu sun ce miliyan huɗu, na uku ya ce biyu da rabi, ba sonka ya fi yi ba. A bulo zai fanshe, inda buhun da ya kamata ya fitar da talatin za a matse shi ya haifi hamsin, bulon da kana ɗagawa yana zubar da yashi. Zai fanshe a waya, ya sa siririya ta fitila a inda za a jona na'urar sanyaya ɗaki, ko ya sayo wadda aka yi wa wankan jan ƙarfe a sama kawai. Sannan idan aiki ya ƙare, mu ne masu riƙe wa lebura kuɗinsa na kwana uku muna ce masa ya dawo Juma'a, mutumin da ya wuni yana hawa tsani da kwanon sarki a ka. Hadisin da ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe kowa ya haddace shi, amma a kan wasu muke karanta shi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda muka mai da rubutu alamar rashin yarda, mu da muke karanta Alƙur'ani. Ayar da ta fi kowace tsawo a cikinsa, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, da kafa shaidu, ta kuma ce kada a ƙosa da rubuta shi ƙarami ne ko babba. Sahabbai aka fara faɗa wa haka, mutanen da suka fi mu amana nesa ba kusa ba. Kuɗin kafin alƙalami da ka ba ɗan kwangila nauyi ne a wuyansa har ya yi aikin, aikin da ya yi maka kafin ka biya nauyi ne a wuyanka. Ayar ma ta faɗi dalili, cewa rubutun ya fi kusa da hana shakka. Mutum yana mantuwa, yana kuma mutuwa, magada su zo ba su san an yi ba. Zumuncin da Yaya ya so ya kare da ƙin rubutu, yau shekara ta zagayo 'yar ƙanwar Hajiya ba ta taka gidanmu ba, da Sallah ma a waya ta yi gaisuwa. Takarda ɗaya da ta tsare mana ita.

Na san abin da za a ce. Takarda ba ta kama ɓarawo, shari'a kuma tana cin kuɗi da lokaci fiye da abin da ake nema. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai mafi yawan rigingimun gini ba sa zuwa gaban alƙali, a zauren mai unguwa suke ƙarewa, ko wajen limami, ko ofishin Hisba, ko gaban shugaban ƙungiyar magina. A can ma tambayar farko ita ce, me kuka yi da shi? Wanda ya zaro takarda mai sa hannun shaidu biyu ya gama rabin shari'arsa, wanda ya ce "ai mun yi da shi zai yi mini mai kyau" sai a ba shi haƙuri. Kuma babban amfanin rubutun tun kafin rigima yake zuwa. Da zarar ka ce a rubuta, dole a faɗi kaurin kwano, a faɗi girman rodi da yawansa, a faɗi kamfanin waya, a faɗi ko kwashe ɓaraguzai yana cikin kuɗin. Tambayoyin da kunya ta hana ka yi, takarda za ta yi maka su. Ba sai da lauya ko Turanci ba. Hausa ta isa, da boko ko da ajami, wanda ba ya karatu a karanta masa a gaban shaidu, a ɗauki muryar kowa a waya.

Game da kuɗi, abin da na koya da tsada shi ne kada kuɗi su riga aiki nisa, kada kuma aiki ya riga kuɗi nisa. A raba shi mataki-mataki, a gama rushewa da tushe a biya, a kai linta a biya, a rufa a biya. A riƙe wani ɗan kaso, da yardar juna tun farko, sai damina ta gwada rufin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ruwa ya sauka yake sani, kuma mu yawancin gyaranmu da rani muke yi. A zamanin da farashi ke tashi tsakanin Azahar da La'asar, na fi ganin adalci a raba kuɗin kaya da kuɗin aiki. Idan a Kano kuke, ku tafi kasuwar Ƙofar Ruwa tare ku sayi rodi, ku tafi Na'ibawa ku zaɓi katako, a karɓi rasit, a ajiye kayan inda mai gida ke da makulli, shi kuma a yi jinga da shi a kan aikin hannunsa. Wasu 'yan kwangila ba sa son haka domin a sayayya suke samun kamasho. Gara a ƙara masa kuɗin aiki a fili da ya ɗauka a ɓoye. Wanda ba shi da lokacin zuwa kasuwa, ko yana wata ƙasa, ko mace ce da mijinta ya rasu ba ta saba da harkar ba, ya ɗauki wani masani daban wanda ba shi da alaƙa da mai aikin, ya biya shi ya riƙa leƙawa. Kafin a ba mutum aiki kuma a je a ga wanda ya yi shekara biyu ko uku da suka wuce, a tambayi masu gidan a bayan idonsa. Sabon fenti kowa ya iya.

Duk wannan maganar dukiya ce, ana asara a mayar. Inda nake so hukuma ta sa baki, mu ma mu daina wasa, shi ne gyaran da ke taɓa ƙashin gini. Iyali sun ƙaru, fili ya yi tsada, sai a ce a ɗora bene a kan gidan da aka yi wa tushen hawa ɗaya. Ko a fasa bangon tsakiya don falo ya yi faɗi, ba a tambayi me bangon yake ɗauke da shi ba. Ko a mai da ɗakunan bakin titi shaguna a cire ginshiƙi. Kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafa masa, yana kuma son ban ruwa a kwanakin farko, amma mai gida yana gaggawar biki, mai katako yana son kayansa, sai a cire tokara kafin lokaci. Mun ga benen da ake ginawa ya rufto a titin Beirut a Kano cikin Agustan 2022. Mun ga makarantar da ta rufta wa ɗalibai a Jos ranar 12 ga Yulin 2024, mutum 22 suka rasu. Najeriya tana da kundin ƙa'idojin gini tun 2006, Kano tana da KNUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, da ya kamata a nemi izininta kafin irin wannan canji. Mutane suna guje wa neman izini domin suna ganinsa a matsayin wata kafar karɓar kuɗi da ɓata lokaci. Idan hukumomi suna son a zo gare su, su sauƙaƙa izinin ƙaramin gyara, su bayyana kuɗinsa a fili, su turo wanda zai duba tushe da rodi da gaske. Mu kuma mu san cewa kuɗin injiniya na gaskiya da zai zo ya haƙa gefen tushe ya duba bai kai kuɗin ƙofar ƙarfe ɗaya da muke sawa don ado ba. Kuma bene idan zai faɗi ba ya tsayawa a iyakar filin mai shi.

Bayan damina muka sake rufin ɗakin Hajiya. Wani dattijon kafinta muka samu, wanda na je na ga rufinsa a gidaje biyu na kuma yi hira da masu su. Wannan karon ƙanwarmu ce ta riƙe biro, Yaya bai ce uffan ba. Na yi ta jin nauyin yadda zan fara, na ce, "Baba, kada ka ga kamar raini ne, muna so mu ɗan rubuta abin da muka yi." Ya yi dariya, ya sa hannu a aljihu ya zaro wani ƙaramin littafi da ya sha jiki, duk ajami da lambobi. "Alhaji, ni na daɗe ina rubuta nawa," in ji shi. "Masu gida ne ba sa so, saboda in an rubuta ba su da damar cewa a ƙara taga."

Ƙanwarmu ta dube ni. Aka rubuta kaurin kwano, da bututu uku masu faɗi, da ranar gamawa, da abin da za a riƙe sai ruwa ya sauka. Liman da wani maƙwabci suka sa hannu. Dattijon ya ce a ƙara layi ɗaya, cewa duk ranar da kuɗin mataki ya yi jinkiri, yaransa za su tafi wani aikin kuma ba laifinsa ba ne. Aka ƙara.